Ranar da Aka Sa Ni Shaidar Yaji

Ba na jin zan taɓa manta zaman da muka yi a tsakar gidan matar mai gahawarmu, wato shagon shayi da tsire, a unguwar Tandabawi can ƙasa mai tsarki. Amma wajibi ne in fara da iyakar abin da na tabbatar. Zaman kansa da ni aka yi. Shekarar da aka rufe gahawar kuwa mun saɓa da abokina: ni na riƙe muna aji uku a kwaleji, shi ya ce aji biyu. Abin da muka haɗu a kai shi ne, aikin faɗaɗa hanya ne ya ci shagon, kuma Baba mai gahawar bai daɗe ba ya rasu.

Wurin ba wani babba ba ne: dogayen kujerun igiya, butocin shayi, da tukubar tsire a bakin ƙofa. Can muke gangarawa bayan la'asar, mu ci, mu yi musun karatu har Baba ya ce mu tashi mu ba alhazai wuri.

Bayan na kammala karatu, ɗansa ya same ni ya ce ya ga shago a unguwar Aziziyya yana son sake buɗewa, amma mahaifiyarsa ta ƙi. Ita ke daka yajin tun zuwansu ta Sudan, kuma ta ce ba za a sa sunan mijinta a ƙofa ba alhali babu mai tuna ɗanɗanon tsirensa. Ya roƙe mu, ni da abokina, mu je mu shaida.

Da muka je, uwar ta ajiye mana faranti biyu na tsire, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta zauna.

"To malamai, wanne ne na Baba?"

Abokina ko taunawa bai gama ba ya ce, "Wallahi Inna, na dama ne!"

"Kai dai ko gawayi aka barbaɗa wa gishiri sai ka rantse. Kai fa, ya waladi, ɗana?"

Na ci na dama, na ci na hagu, na sake komawa. Ɗan yana ta zungurina da gwiwar hannu. Na san kalma ɗaya yake nema, amma na kasa.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Dukansu sun yi kama da shi, ba wanda zan iya rantsewa a kai. A tunanina ma, na bayan hajji yakan fi na sauran watanni ƙamshi."

Ta fashe da dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Wannan kam ya ci tsirenmu!"

Ashe yajin bai taɓa zama iri ɗaya ba. Idan alhazan Kano suka zo da ƙuli-ƙuli da kimba da masoro, da su take dakawa. Idan suka ƙare, ta koma gyaɗar Sudan da barkonon kasuwa. Farantan biyu duk na Baba ne. Ta dubi ɗanta ta ce, "Halas, shi ke nan, ka kai ni in ga shagon. Amma gani na ce, ban ce na yarda ba."

Ranar na koyi cewa idan mutum ya tsaya daidai inda saninsa ya tsaya, ya fi taimakon wanda ya kira shi shaida. An yi hajji biyu tun lokacin. Ɗan ya ce mini ta je ta gani, ta yaba ƙofar, ta kushe mafitar hayaƙi. Ni dai ban ji daga bakinta ba. Shin za ta yarda a buɗe?