Wasiƙar da Tela Ya So Aika wa Marubuci

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta ranar da aka kwance mini zani a kasuwa a gaban gidan waya na Jimeta. Kuma ba wanda ya jawo mini sai bakina.

Lokacin muna cikin Jihar Arewa maso Gabas, ina masinja a wani ofishin gwamnati. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma da yake kullum da fayil a hammata da biro a aljihu ake ganina, mutanen unguwarmu ta Rumde suka ɗauka Turanci a bakina yake kwana. Ni kuwa ban taɓa musa musu ba.

Akwai wata mujallar labarin hotuna da motocin kudu ke kawowa, hoto bayan hoto, maganar kowa a rubuce saman kansa. Wani dattijon tela da muke kira Bappa shi ke saya, ni ke fassarawa. Bayan la'asar sai a cika rumfarsa, da mahauta da masu gyaran keke, a ajiye mini kujera a tsakiya. Abin da ba su sani ba, mafi yawan kalmomin ba na gane su. Fuskokin mutanen nake duba in ƙera musu magana.

A fitowar farko aka nuna wani tsoho kwance, wani mai sanƙo ya sunkuya a kansa, jarumin labarin na gefe riƙe da kai. Ban yi wata-wata ba na ce mai sanƙo ne ya kashe uban jarumi. Rumfa ta ɗauki salati. Na ji daɗin salatin nan ƙwarai, Allah ya yafe mini.

Matsalar ita ce, a fitowa ta gaba sai ga jarumi na gaisawa da mai sanƙo yana dariya. Ta bayanta kuma suna cin abinci tebur ɗaya. Nan rumfa ta rabe biyu. Ni da 'yan bayana muka ce marubucin nan gwani ne mai zurfin ciki, jarumin lallaɓa maƙiyi yake sai ya saki jiki. Bappa da nasa suka ce sam.

"Wannan marubuci ba shi da kunya," in ji Bappa, yana taka keken ɗinki da haushi. "Mutum ya kashe ubanka, ka zauna kana shan miya da shi? A gidan wa aka yi haka?"

"Bappa, kai dai ba ka san fasaha ba," na ce. Ni ke nan, mai koya wa mutane fasaha.

Wata shida muna wannan musu. Har tsohon da na kashe ya sake bayyana a hoto, garau da shi, yana shan shayi. Nan take na ce ƙaninsa ne, kamar tasu ce ta yi yawa. Abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne, a lokacin na fara yarda da ƙaryata. Da gaske nake jin zafi in an taɓa marubucin, alhali kaina nake karewa.

Ranar da aka nuna jarumi ya rungumi mai sanƙo, Bappa ya ajiye almakashi. Ya ce shi fa kuɗinsa yake sawa, sai ya rubuta wa marubucin nan wasiƙa ya faɗa masa gaskiya. Ya dube ni. Na ce ai irin wannan wasiƙa sai da tafireta, in ba haka ba manyan mutane ba sa buɗewa. Na ɗauka na tsira. Ashe rami na haƙa wa kaina.

Washegari Bappa ya ja ni, da mutum biyar na rumfa, har inuwar bishiyar da ke gaban gidan waya, inda masu rubuta wa jama'a wasiƙa ke zama. Muka sami wani tsohon akawu ɗan cikin garin Yola da ya yi ritaya, da tafiretarsa a kan akwati. Bappa ya zayyana ƙorafinsa tun daga kisan uba. Akawu ya ce a ba shi mujallun ya ɗauki adireshi. Bappa ya miƙa masa duka, ɗaure da ƙyalle.

Ya gyara tabarau, ya buɗe ta farko. Ya daɗe yana karatu. Ni kuwa na soma nazarin yatsun ƙafata.

"Modibbo," ya ce wa Bappa a hankali, wato malam da Fulatanci, "wane ne ya mutu a nan? Ba wanda ya mutu. Wannan mai sanƙo likita ne. Shi ya warkar da baban yaron."

"To ƙanin fa?"

"Wane ƙani? Baban ne, ya samu sauƙi."

Wani mahauci cikin 'yan rakiyarmu ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe bishiya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bappa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ashe marubucin yana da hankali," ya ce. "Namu ne ba shi da shi."

Sai ya juya wurin akawu. "Buga wasiƙar duk da haka. Ka ce masa wani tela a Jimeta ya yi wata shida yana zaginsa bisa kuskure, ya yafe mini. Likitan ma a roƙa mini shi."

Aka buga, aka sa kan sarki, kuma don a ƙarasa ni, ni aka ba na jefa a akwati. Ai aikina ne, masinja.

Abin da na koya ke nan: "ban sani ba" kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma kai kaɗai za ka sha. Wadda na guje mata a rumfa ita ta jira ni wata shida, ta tara mini shaidu, ta sa dattijo neman gafarar mutumin da bai taɓa gani ba.