Nura yana da mai hana shi sukari

Jiya muka karɓo sakamakon gwajin jini a unguwar Al Rigga, nan ƙasar waje da muke zaune, ni da Nura da muke ɗaki ɗaya. Sugansa da kitsen jininsa sun sauka. Nawa suna nan daram.

Wallahi raina ya ɓaci. Tare fa muka fara shan ruwan 'ya'yan itacen da ake kira bilakberi, ga maganin likita. Injin markaɗen ma nawa ne!

A cikin jirgin ƙasa na metro na kasa daurewa. "Malam, faɗa min gaskiya, me kake ƙarawa?"

"Ba komai. Kai fa?"

"Abin da ake sa wa zoɓo mana. Citta, kanumfari, sukari cokali huɗu. Wa zai sha tsamin nan haka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni kullum matata sai ta kira ta bidiyo daga Kano, a gabanta nake haɗawa. Ko kallon gwangwanin sukari na yi, khalas, shi ke nan, ranar babu zaman lafiya."

Kafin mu isa tashar Abu Hail na gane. Ashe ba sakamakonsa nake ƙyashi ba. Ni duk safiya nake zabga sukari, babu mai ce min ajiye.

'Yan uwana gwauraye, ku wa yake hana ku?