Mama Rifkatu Mai Tabo a Wuya

Yau da safe ina haɗa wa yara abin karyawa, wayata ta yi ƙara. Hannatu ce, 'yar Mama Rifkatu. Ta ce, "Anti Saratu, Mama ta tafi gida."

A ƙasan kicin na zauna. Ban san ruwan shayi ya ƙafe a kan wuta ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Mama Rifkatu ce ta daɗe tana ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Trikania. 'Yar Filato ce, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa. In kun gan ni yau da ƙibata da yarana, to bayan Allah, ita ce sila.

Ban daɗe da aure ba na fara ramewa. Ina ci kamar gara, amma zani yana zamewa daga ƙuguna. Zuciyata tana bugu kamar na yi tsere, gumi ko ana ruwan sama, idanuna suka firfito. Abu kaɗan sai in hau mijina Bitrus da faɗa. Ciki ya zube mini, wani ma ya bi shi. A layinmu aka fara raɗa, wasu su ce ciwon zamani ne, wasu su ce jifa aka yi mini daga ƙauye. Bitrus da duk haƙurinsa sai da ya fara daɗewa a waje don gudun bakina.

Wata rana wajen koyon waƙa, caki, abin girgizawar nan na kiɗa, yana hannuna. Aka kai ƙarshen waƙa kowa ya yi shiru, amma cakin yana ta ƙara, don hannuna ya ƙi daina rawa. Mata suka kalli juna. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi, Mama ta ja ni bayan coci.

"Ɗaga kanki, 'yata. Haɗiyi yawu."

Ta sa yatsunta a wuyana ta lalluba, sannan ta ce, "Ni ba likita ba ce. Amma na san hanyar wurin wanda ya sani. Gobe ki shirya, zan zo da Keke Napep."

A hanya ta nuna mini wani siririn tabo a gindin wuyanta. Ashe maƙoƙo ta yi, ya girma har kwanciya tana shaƙe ta. Ta daɗe tana naɗe shi da gyale tana gudun tiyata, don an gaya mata muryarta tana iya tafiya. Ta ce, "Da numfashi ya fara gagara, na ce wa Ubangiji, murya taka ce, in za ka karɓa ka karɓa, ka bar mini rai."

Bayan aikin ta yi watanni sai raɗa take iyawa. Tana zama a bencin baya tana tafi kawai. Sai wata Lahadi mai ba da waƙa ta manta baiti, coci ya yi tsit, aka ji wata murya mai kauri ta ɗauka daga baya. Ba siririyar muryarta ta da ba ce, amma tata ce. Waɗanda suka halarta har yau suna ba da labarin guɗar da aka yi ranar.

A asibiti aka ɗebi jinina. Likita ya yi mini bayani cewa akwai wata 'yar halitta a gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, tayirod, tana zuba wani sinadari cikin jini da ke tsara saurin aikin jiki. Tawa ta wuce gona da iri, shi ya sa komai nawa yake gudu. Ya ce irin waɗannan halittu suna da yawa, akwai a saman ƙoda, akwai wata a ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba sauran umarni. Mama ta kaɗa kai ta ce, "Kin ji ko? Ashe jiki ma yana da mai ba da waƙa."

Daga can gidanmu ta wuce, ta zaunar da Bitrus. "Ɗana, matarka ba hali ta canza ba, ciwo ne, kuma yana da magani. Ka dawo gida da wuri."

Ya dawo.

Na sha magani yadda aka ce, hannuna ya tsaya, na yi ƙiba. Da na haifi 'yata ta fari na ce sunan Mama zan sa mata. Ta ce, "Kada ki ɗora wa yarinya sunan tsohuwa. Sa mata Godiya."

Ba ni kaɗai ba ce. Mama ko a mota ta ga mace tana ɓoye wuya, sai ta san yadda ta ja ta da hira. Har Hajiyar da take sayen atamfa wurinta a Unguwar Mu'azu, da ƙafarta ta raka ta asibiti. Ita Mama kuwa kullum da safe sai ta sha 'yar ƙwayarta da ke maye aikin abin da aka cire mata, ba ta taɓa yi mini ƙorafi a kai ba.

Ganina da ita na ƙarshe a Kakau ne, inda ta koma tana noma. Na same ta cikin masara tana cire ciyawa tana rera waƙa. Kafin in gama gaisuwa ta ce, "Yaushe rabonki da gwajin jini?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Kada in sake ganinki sai da sakamako." Ta cika mini leda da gyaɗa, ta raka ni har titi.

Hannatu ta ce jiya da yamma Mama ta dawo daga gona, ta yi wanka, ta zauna a kujera, shi ke nan. Maƙoƙo bai kai ta ƙasa ba. Ta ga jikoki, ta tafi da tsufanta.

Masararta ta kusa nuna. Mu matan zumunta mun yi magana, mu za mu je mu karya mata ita.

Ubangiji ya ba ki hutawa, Mama. Ya ta'azantar da Hannatu da ƙannenta, ya ba mu zuciya irin taki. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa iyalinta a addu'a yau.