Na Hana Ɗiyata Nono Saboda Mura, Inna Ta Ɗauki Laifin

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare mai zaman kanta a Yelwa, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a. Mahaifina masunci ne a wani ƙauye na bakin tafki ta wajen Wara, a ƙasar Ngaski. Inna kuwa bandar kifi take yi, kuma da hayaƙin bandar nan aka yi mini karatu. Ba na jin ni mai girman kai ce, ko da yake wanda ya karanta wasiƙar nan har ƙarshe wataƙila zai ga saɓanin haka. Abin da na sani tabbas game da kaina shi ne tsoro. Ni irin mutanen nan ce da ke komawa su taɓa kwaɗo bayan sun kulle ƙofa, kuma ba na haɗiyar magani sai na karanta takardar cikin kwalin har ƙasa. Na daɗe ina kiran wannan hali hankali. Na rubuto ne in faɗi inda ya kai ni, ina roƙon a sakaya sunana.

Haihuwar fari ce, na sami ɗiya mace, bayan suna aka kai ni gida wankan jego. Da yake ni ma 'yar fari ce, Inna ba ta faɗar sunana. Tun da na fara koyarwa sai ta laƙaba mini Malama, rabi girmamawa, rabi tsokana. Ranar da na iso na ce mata ba zan sha kunun kanwa ba, don na ji likitoci na cewa yawan kanwa na taɓa zuciyar mai jego. Ba ta yi musu ba. Ta ce to, Malama ta faɗa, washegari ta dama na gyaɗa. Har yau ina ganin a wannan ban yi kuskure ba, amma ina jin daga nan ne na saba da cewa in na yi magana a gidan an gama.

Ɗiyata na da kwana talatin da uku mura ta kama ni. Tsakiyar damina ce, an kwana biyu ana ruwa, iskar tafki na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, hanci na zuba. Da hantsi ina ba ta nono atishawa ta ƙwace mini, na ga ɗigon yawu a goshinta. Abin da ya zo mini a rai shi ne zanen da nake yi wa ɗalibaina a allo, na yadda ƙwayar cuta ke fita daga bakin wani ta shiga na wani. Na cire ta daga nono ba ta ƙoshi ba, na goge mata fuska har sau uku, na kira mijina a waya ina kuka. Shi ma sabon shiga ne a harkar, kuma ya yarda da karatuna fiye da yadda ya kamata. Ya je kemis ya sayo maganin mura mai busar da hanci, da gwangwanin madarar jarirai, da fida, wato kwalbar shayar da jariri, ya ba direban motar da ke zuwa wajenmu ranar kasuwa. Bai gaya wa mai kemis ina shayarwa ba, ni ma ban tuna masa ba.

Na karanta takardar maganin kamar yadda na saba. An rubuta cewa mai shayarwa ta nemi shawarar likita kafin ta sha. Mai hankali a nan zai ajiye maganin ya ci gaba da shayarwa. Ni kuwa sai na juya lissafin: tunda zan sha magani, kuma ga mura, to abin da ya fi aminci shi ne in dakatar da nonon kwana uku, in warke, sannan in ci gaba. A raina nono zai tsaya ya jira ni. Da na gaya wa Inna ta ajiye wuƙar gyaran kifi ta dube ni. Ta ce mu bakwai ta shayar, da mura, da zazzaɓi, da ciwon haƙori, ba wanda ta taɓa cire wa nono saboda majina. Ta ce nono ba randa ba ce da za a rufe a dawo a tarar da ruwan yadda aka bar shi, rijiya ce, in an daina ɗiba sai idonta ya toshe. Na amsa mata da cewa zamani ya canja, na jero mata bayani ina sarƙa Turanci a ciki, ina sane da cewa ba ta ji. Ta ɗauki jaririyar, wadda take kira ƙawarta, tana gaya mata wai ta yi haƙuri, an sa ta boko tun ba ta yi arba'in ba.

Na mayar da yarinyar ɗakin Inna. In zan leƙa ta sai na ɗaura takunkumi, in tsaya daga bakin ƙofa. Ita kuwa da farko ta ƙi fidar, tana juya kai tana neman abin da ta sani, har yunwa ta sa ta karɓa. Ni kuma hanci a toshe ba na jin ɗanɗanon komai, sai na rage ci da sha. Kunun da Inna ke kawo mini da safe yakan huce a kwano, in faki idonta in zuba wa awaki, in mayar mata da kwano kamar na shanye. Kwana biyun farko ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, rigata na jiƙewa. In zafin ya ishe ni sai in shiga makewayi in ɗan tatse a ƙasa, ina jin kukanta daga ɗakin Inna. A rana ta uku zafin ya lafa, hancina ya bushe, na ce alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Ban gane cewa abin da ya busar da hancin yana aiki a wani wurin ba. Da yake akwai sauran tari, sai tsorona ya ce in ƙara kwana biyu don a tabbatar. Batun tsabtar fida kuma, na yi iya ƙoƙarina, amma itace a jiƙe yake, gida ne na kifi da ƙudaje, kuma ba zan iya rantsewa cewa kowane lokaci an tafasa ta yadda ya dace ba.

A rana ta biyar da safe na wanke hannu na karɓo ta na sa ta a nono. Ta kama ta ja, ta ja, ta saki ta fashe da kuka. Na juya ta ɗaya ɓangaren, haka. Na matsa da hannuna, ɗigo biyu ko uku suka fito, shi ke nan. Ƙirjin da kwana uku da suka wuce ya hana ni kwanciya ya koma laushi kamar ban taɓa haihuwa ba. Sai a lokacin na lura kukan nata ma ba ƙarfi. Inna ta ce tun asuba sau huɗu tana canja mata tsumma, kashin ruwa ne zalla. Ta ɗora yatsa a maɗigarta, ni ma na duba, ta faɗa ciki. Na san abin da hakan ke nufi, na koyar da shi a aji. Inna ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta goya ta a bayanta, ta aika aka kira Baba daga wajen gyaran komarsa ta kamun kifi, ya sa mu a jirginsa muka nufi asibitin Wara, don ruwa ya ɓata hanyar mota.

Malamar asibitin da muka tarar babbar mace ce, mai saurin hannu da saurin baki. Ta duba yarinyar, ta sa aka fara ba ta ruwan gishiri da sukari da cokali, sannan ta tambayi yaushe rabonta da nono. Na ce kwana biyar. Ta ce wa ya ce a cire ta. Ban kai ga buɗe baki ba Inna ta ce ita ce. Ta ce ita ta hana, don a wajensu ana cewa nonon mai mura ba shi da kyau, kuma ita ta sa aka sayo gwangwanin. Malamar ta juya kan Inna. Ta ce Iya, ku tsofaffin nan ku ne ke jawo mana aiki, ku zauna a ƙauye ku yanke hukunci a kan ran yaro, sai ya galabaita ku kwaso shi ku kawo mana. Ta ce mura ba ta bin nono, hasali ma nonon uwa mai mura shi ke ɗauke da abin da zai kare yaron. Ta daɗe tana faɗa, a gaban matan da ke zaune a benci, har wata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Inna na tsaye da warin hayaƙin banda a zanenta, kanta a ƙasa, tana cewa a yi haƙuri, ba za a sake ba.

Sannan malamar ta tambaye ni ko na yi makaranta. Na ce na yi digiri. Ta girgiza kai ta ce to ke da iliminki kika zauna tsohuwa ta juya ki. Nan ne wurin da ya kamata in ce a'a, ni ce, ita ta ma hana ni na ƙi ji. Kalmomi ne 'yan kaɗan. Na ji su a bakina. Amma na dubi matan benci, na tuna an ji na ce digiri, sai na sunkuyar da kai na yi shiru, shirun da kowa ya ɗauka na 'yar da ke rufa wa uwarta asiri ne. Da ta ga maganin da nake sha ta ce in daina yanzu, irinsa na iya rage nono kamar yadda yake busar da majina, sai na ce mijina ne ya sayo. Gaskiya ce, amma na san dalilin da ya sa na faɗe ta.

Allah ya taimake mu, zuwa la'asar yarinyar ta farfaɗo, ta yi fitsari, aka sallame mu da sharuɗɗa. A jefar da fida. Madarar a riƙa ba ta da kofi da cokali, da tafasasshen ruwa, ana ragewa a hankali. In riƙa sa ta a nono kowane lokaci, ko da ba abin da ke fita, in kwantar da ita a ƙirjina fata da fata, in ci, in sha. Kusan duk abin da Inna ta faɗa ne tun farko, sai dai wannan karon daga bakin mai farar riga ya fito, shi ya sa na ji. Inna ta karɓi aikin. Ta riƙa gasa mini ƙirji da tsumma mai ɗumi, ta yi mini romon tarwaɗa da safe, kunu kuma ta tsaya a kaina sai na shanye, tana cewa awakinta sun yi ƙiba ya isa haka. Ashe ta sani. Ranakun sun yi mini tsawo. Yarinyar ta saba da abin da ke zuba ba wahala, sai ta kama nono ta saki tana kuka, ni ma in yi. Arba'in ta zo ta wuce ban koma ba, dangin mijina suka yi tambaya, Inna ta ce musu jikin Malama ne bai gama ƙwari ba. In ban manta ba a rana ta goma sha shida ne, ina zaune a rumfa da hantsi, na ji sautin haɗiya a maƙogwaronta, ɗaya nonon kuma ya fara ɗiga a cinyata. Na kira Inna. Tana juya kifi a kan banda, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce in gyara wa ƙawarta kai kada ta ƙware.

Ana gobe zan koma Yelwa na tambaye ta dalilin da ya sa ta ce ita ce. Ta yi kamar ba ta ji ba, sai da na maimaita. Ta ce mai jego in ranta ya ɓaci nono ba ya zuwa, kuma a ranar nonona ake nema, ba kunyata ba. Ta ce ita ba shayarwa take yi ba, ko an wuni ana zaginta ba abin da zai ƙafe a jikinta. Sannan ta ce in tashi in haɗa kayana, in bar tsaya mata a ka.

Ɗiyata yanzu ta shekara biyu, lafiyarta ƙalau, sai da ta yi wata ashirin kafin na yaye ta. Sau biyu na koma asibitin nan da niyyar gaya wa malamar gaskiya. Na farko na ga layi ya yi yawa na fasa, na biyu aka ce an canja mata wurin aiki. Ni ba likita ba ce, kuma bayan abin da na yi ba ni da bakin koyar da kowa. Amma ga 'yan uwana mata masu goyo, musamman irina da muka ɗan yi karatu, ina roƙonku: in mura ta kama ki, kada ki cire yaro daga nono. Ki wanke hannu, ki kau da kai in za ki yi tari, ki ci ki sha ko ba kya jin daɗin bakinki, kuma kada ki sha maganin mura sai kin gaya wa ma'aikacin lafiya kina shayarwa. In tsoro ya kama ki, ki tambaya kafin ki yanke, don tsoro kan zo da kamannin hankali. In kuma tsohuwa ta faɗi magana, ki auna ta kafin ki watsar, ba duka ba ce daidai, amma ba duka ba ce jahilci. Nonona ya dawo cikin kwana goma sha shida. Abin da na bari aka yi wa Inna a gaban matan nan kuwa, har yau ban san yadda zan dawo da shi ba, kuma wasiƙar nan ma ba za ta iya karanta ta ba, sai dai in zauna a gabanta in karanta mata da bakina.