Buhun Dawar Baba Iliya

Ban taɓa mantawa da Lahadin godiyar kaka ta shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara ba. Lokacin ina mai bishara a wata ƙaramar ikkilisiya a Tsafe, wato mataimakin Fasto mai yin wa'azi idan ba ya nan. A al'adarmu, ran nan kowane manomi yakan kawo baiko daga amfanin gonarsa, a yi addu'a a kai, sannan dattawa su kai rumbun gwauraye.

Na shirya wa'azina da ajami, rubutun da kakana ya koya mini. Na ɗauko koyarwar Almasihu cewa wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ban kai ƙarshe ba Baba Iliya, wani dattijon manomi, ya tashi ya bar buhun dawarsa gaban bagade, inda ake miƙa baiko, ya fita. Na ɗauka fitsari ya kama shi.

Bayan sujada matarsa Saratu ta tare ni. "Malam, ka san inda ka tura shi? Rawayya, wajen ƙanensa Audu. Fadamar gadonsu ce mijina ya cinye tun rasuwar ubansu."

Hanyar Bungudu da ake bi zuwa Rawayya a lokacin, mai fita ba shi da tabbacin dawowa saboda 'yan bindiga, ga babu waya. Kullum sai in je tasha in tambayi direbobin Gusau, in dawo babu labarinsa. Dattawa suka ce a kai buhun rumbu kada ɓeraye su huda shi, na ce ba a miƙa shi ba tukuna. Da Fasto ya dawo ya ce, "Bitrus, ai da ka bayyana musu cewa a zuciya ma ana shiryawa." Na sake karanta ayar, ban ga haka ba, amma ko ni na so in gani.

Ana gab da wata Lahadin sai ga Baba Iliya, ƙafafu a kumbure, Audu na biye da shi. Ashe Baba Iliya ya mayar wa Audu da fadamar a gaban mai unguwa. Audu ya dube ni ya ce, "Kai ne malamin? Shekara da shekaru ina aika masa mutane, ashe kai ya kamata in aika."

Tun ranar, kafin in hau mumbari nakan tambayi kaina: idan wani ya tashi ya aikata wannan yau ɗin nan, na yarda in tsaya gaban matarsa?