Baba Tafinta da Kalmar da Bai Taɓa Fassarawa Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe tara na safe, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Tafinta, a asibitin da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar kwana tara. Mai shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe. Ina kan keken ɗinki 'yarsa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, daidai lokacin da shi kansa ya saba ƙwanƙwasawa. Da ganin fuskarta na gane, amma na tsayar da keken na jira har ta faɗa da bakinta.

Ni ba marubuciya ba ce, tela ce, kuma duk gidan benen nan da baki aka san ni, ba da alƙalami ba. Amma akwai abin da bawan Allahn nan ya yi mana wanda in na bar shi a ciki zai dame ni, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san shi ba, ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na biyu shekara goma sha tara. Tafinta ne a babban asibiti, irin wanda marasa lafiya ke zuwa daga ƙasashe da dama, wasu ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen likita. Shi ke tsayawa a gefen gado, ya karɓi magana daga bakin majinyaci ya miƙa wa likita, ya karɓo ta likita ya dawo da ita. Harshe bakwai yake ji sosai. In aka ce ai sun fi haka, sai ya yi dariya ya ce sauran gaisuwa ce kawai da "ina ne ke ciwo". Ko da ya yi ritaya aikin bai sake shi ba. Duk wanda aka ba magani mai takarda da baƙon rubutu, ƙofarsa yake nufa. Na sha ganinsa a kan matakala, tabarau a ƙarshen hanci, yana karanta wa wata uwa sau nawa za ta ba 'yarta maganin tari, kuma sai ta maimaita masa sau biyu kafin ya sallame ta.

Maigidana direban bas ne. Kafin ciwo, in ya ɗauko labari daga tasha, sai fasinja ya wuce inda zai sauka bai sani ba. Ni ma ba baya ba ce, har yaranmu suna cewa gidanmu rediyo biyu ne aka kunna lokaci guda. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a tasha yana shirin fita aikin safe. Ɓarin damansa ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, ka ga kalma ta zo masa har leɓe sai ta koma. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce in wata shida suka wuce ba a ga canji ba, kada mu sa rai da yawa. Muna cikin wata na huɗu ya juya fuska bango, ya ƙi ganin kowa har abokan aikinsa. Hannu da ƙafa ba su dame ni sosai ba, zan iya zama masa su. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne kada mutumin nan ya ƙare rayuwarsa bai sake yin magana ba.

Kai kuwa, Baba, ba a hana ka shiga. Na tare ka a ƙofa na ce ba ya son baƙi, ka ce ai kai ba baƙo ba ne, ka raɓa ni ka wuce. Ka yi kusan rabin awa kana ba ƙeyarsa labarin famfon ƙasa da ya lalace. Da za ka tashi ka ce, "To Direba, Allah Ya ƙara sauƙi." Daga wajen bango aka amsa, sarai ba gargada, "Amin."

Sai ka koma ka zauna, ka tambaye ni tun yaushe yake faɗin haka. Na ce tun a asibiti, ita kaɗai ta rage masa, kuma wallahi ni haushi take ba ni, a ce mutum mai labari cike da baki abin da aka bar masa ke nan. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "'Yata, shekara talatin da ɗaya ina fassara, wannan ce kaɗai kalmar da ba a taɓa cewa in fassara ba. Wanda yake da ita bai fita daga cikin masu magana ba tukuna."

Ranar ce na fara jin labarin kalmar, na kuma ci gaba da jinsa har na haddace. Ka ce a gefen gado ka fara lura da ita. Dangi za su kewaye majinyaci suna addu'a da harshen da likita ba ya ji, ma'aikaciyar jinya ba ta ji, wani lokaci kai ma ba ka ji, addinin ma ba ɗaya ba. Amma da an kai ƙarshe kowa ya san an kai, har mai shara a bakin ƙofa sai ya amsa. Wani ya ce amin, wani amen, wani ya ja ta ya ce amina, ba wanda ya taɓa juyowa ya tambaye ka me aka ce. Abin ya tsaya maka a rai har ka riƙa bin ɗakunan karatu da masana harshe. Suka ce maka tsohuwa ce ƙwarai, daga dangin harsunan da Ibrananci da Larabci suke ciki, kuma tushenta na nufin abin da ya kafu, wanda za a jingina da shi bai goce ba. Daga tushen nan amana da aminci da imani suka fito, har da amini, abokin da ake ba sirri. Da aka zo mayar da littattafan addini zuwa Girkanci da Latin, masu fassara suka bar ta yadda suka same ta, daga nan ta bi mutane ta shiga harsunan da ba su ƙirguwa. Malamanmu sun yi bayaninta da "Ya Allah Ka amsa", wasu mutanen kuma "haka ne, ya tabbata" suke nufi, kai dai ka ce ba ka ga faɗa tsakanin biyun ba. Wani matashin likita ya taɓa ce maka wai daga sunan wani gunki na mutanen da ta samo asali. Ka ce masa ka bincika, masana ba su yarda ba, mutum biyu sukan yi kama ba su haɗa kaka ba.

Ni dai rabin hankalina na kan rigar da mai ita za ta zo karɓa da yamma. Amma da na ɗaga kai, maigidana ya juyo daga bango yana kallon bakinka.

Ba ka taɓa cewa kai likita ba ne. Ka je da ƙafarka wajen mai koyar da magana ta asibiti, tsohuwar abokiyar aikinka, ta nuna maka yadda ake bi. Daga nan kullum ƙarfe goma kana gidanmu, ka ja kujerar roba ka sa ta gaban tasa. Da addu'o'in da baki ya saba kuka fara, kana yi yana amsawa. Bayan kwanaki sai ka fara barin kalmar ƙarshe. Ka ce, "Allah Ya ba mu..." ka yi shiru kana jira. Ni kuma daga kan keke sai in ce, "Lafiya."

Nan ne laifina ya fito fili. Tun da ya kwanta na zama bakinsa. Ya kalli kofi, na ce ruwa yake so. Ya ɗaga hannu, na ce a rage fanka. 'Yan dubiya su tambaye shi ya jiki, ni ce mai amsawa. Ba na iya ganin leɓensa na rawa in zauna, ji nake kamar ana yanka ni. Sati biyu kana haƙuri da ni, sannan ka kira ni bakin matakala ka ba ni labarin shekararka ta farko a aiki. Wata tsohuwa ta ce "gwiwata ta..." ta tsaya jan numfashi, hannunta a kan ta hagu, kai kuma don sauri ka ƙarasa mata da "hagu". Ashe ta dama ce ke ciwo, ko taɓa ta ba ta iya yi. Aka ɗauki hoton lafiyayyar ƙafa aka sallame ta, bayan sati guda aka dawo da ita a keken marasa lafiya. Ka ce tun daga ranar sai ka ƙirga ashirin a zuci kafin ka taimaki kowa da kalma. "Kin fi kowa sanin abin da yake so ya faɗa," ka ce. "Shi ya sa bai ga dalilin wahalar faɗa ba."

Na ji haushinka, Baba, yau zan faɗa. Kwana biyu gaisuwar ma da ƙyar nake amsa maka. Amma da yake na san halina, sai na koma riƙe fil uku a leɓe duk lokacin da kake gidan, kamar ina gwada riga. Ka gani, ka yi murmushi.

A wata na bakwai, bayan wa'adin likita ya wuce, wata safiya na cire fil ɗin don amsa wayar mai kaya, na manta ban mayar ba. Ka ce, "Allah Ya ba mu..." Bakina ya buɗe da kansa. Sai maigidana ya buga hannun kujera da hagunsa, ya harare ni ya ce, "Bari." Na rufe bakina. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya karyo masa, can ya ce, "Lafiya." Shekara ashirin da shida da aure, ban taɓa jin daɗin an katse ni ba sai ranar. Na yi kuka har na jiƙa yadin mutane, kai kuwa cewa ka yi ai da ma ka san da ni zai fara.

Daga nan kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Sunayen yara, ruwa, sannu, sai gajerun jimloli. Bai koma kamar da ba, ba zan yi ƙarya ba, amma yakan zauna a baranda ya ga direba ya yi kwana ba sigina ya ce, "Wannan bai iya ba." Da muka kai ka asibiti yana tsaye da sanda a ƙofa, ya ce maka, "Ka dawo."

Da labarin rasuwarka ya zo, sai ya sake juya fuska bango. Kwana huɗu ba kalma, ko amin ɗin ma babu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar tasha, ina cewa shi ke nan, maganar ta bi mai ita. Na shiga wajen Inna, matarka, ni kaɗai, ta tambaye ni ina Direba. Har na buɗe baki zan ce yana yi muku ta'aziyya, sai na tuna bai ce ba. Na ce mata zai zo ya faɗa da kansa, ina faɗa ban san ko ƙarya nake yi ba.

Rana ta biyar da safe na ji ƙarar sanda. Ya sa hularsa da kansa, a karkace, ya ƙi in riƙe shi. Taku bakwai ne daga ƙofarmu zuwa taku, ya yi su shi kaɗai. Falon cike da tsofaffin abokan aikinka, ma'aikatan jinya da masu tura gado da waɗanda ka taɓa yi wa tafinta. Ya tsaya gaban Inna ya ce, "Inna..." sai ya maƙale. Wani ɗan'uwanku ya tausaya zai ƙarasa masa, na ɗaga masa hannu. Na ƙirga ashirin, na sake ƙirga ashirin. Sai ya ce, "Ya haƙuri." Ya ja numfashi ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba." Falon ya amsa gaba ɗaya, kowa da irin lafazinsa. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Inna, Allah Ya ba ki haƙuri da juriyar wannan rashi. Mun ga yadda kika riƙa ba mu aron mijinki kowace safiya kusan shekara biyu ba ki taɓa ɓata fuska ba, Allah Ya saka miki. Ga 'ya'yansa da jikokinsa da abokan aikinsa, muna taya ku jimami, Allah Ya albarkaci bayansa. Allah Ya gafarta wa Baba Tafinta, Ya yafe kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da kowace kalma da ya ɗauko daga bakin mai ciwo ya kai inda za a ji ta.

Addu'ar ƙarshe ba tawa ba ce. Da na karanta wa maigidana wannan rubutu, ya ce in ɗauki biro, akwai saura. Mun yi minti arba'in a kanta, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ban kuma gyara ba.

Allah Ya jiƙan aminina. Ya jira ni, bai gaji ba. Allah Ya ba shi hutu. Allah Ya ba shi Aljanna. In na zo, Allah Ya sa in gode masa da bakina.