'Yar Tsana Mai Gashin Inna

Ranar Laraba ce, saura kwana uku Sallar Layya, shekarar da nake aji uku a lakol, wato makarantar bokonmu ta Cadawa. Inna ta kifa turmi a gindin bedi, wato dogon yaron tsakar gida, ta zauna a kai tana tsifa, don washegari za ta je kitson Sallah. Mahaifiyata Allah ya ba ta gashi, irin wanda mai kitso kan ce a zo mata da sassafe, in ba haka ba rana ta faɗi ba a gama ba. Da ta gama tajewa sai ta cire abin da ya maƙale a mataji, ta murza shi a tafin hannu ya dunƙule kamar ƙwallon goruba, ta miƙo mini. "Barira, tahi ki bizne bayan rumbu, ki take wurin da kyau." Na karɓa na zagaya bayan rumbu, na tona rami da tsinke, na tsaya ina kallon gashin nan baƙi wuluk yana ƙamshin man shanu. Sai na mayar da ƙasa a ramin ba komai a ciki, na take da kyau kamar yadda aka ce. Gashin kuwa na cusa shi a gwangwanin tumatir na tura ƙarƙashin rumbun.

Ba zan ce ban san doka ba. A gidanmu, da ma duk unguwar, ba a yar da gashi, ko dai a binne ko a cusa shi a tsagar katanga. Kaka, mahaifiyar Baba, 'yar Tibiri ce mai kaifin baki, kullum tana faɗa mana in tsuntsu ya yi sheƙa da gashin mutum ciwon kai ba zai bar shi ba, in kuwa ya faɗa hannun maƙiyi, to sai abin da Allah ya yi. Amma a shekarar duk 'yan matan ajinmu jiran ƙashin ƙafar ragon Layya suke yi don su yi 'yar tsana, kuma kowace zaren buhu take liƙa wa tata a ka. Ni kuwa na ƙudura tawa sai ta fi ta kowa. Bayan Sallah na kankare ƙashina na shanya shi a kan danga, na samo ƙaro na jiƙa, na liƙa gashin Inna, na yi kwana biyu ina yi masa kitso da ƙaya. Na ɗaura mata zane da ƙyallen da na tsinto a wurin tela. Ranar da na fito da ita a filin lakol lokacin shan iska, har masu wasan carafke sai da suka watsar da duwatsunsu suka zo kallo. Mako guda na yi ina sarauta, sannan Tsahara, wata 'yar ajinmu, ta nuna mini jan bik, wato biro, irin wanda mushe, malaminmu, kaɗai ke riƙewa yana gyara mana littafi. Muka yi musaya a bayan aji. Ko a jikina, duk da na san Baba da mahaifin Tsahara sun shekara biyu ba sa gaisawa saboda layin gamba da ke iyakar gonakinsu.

Da bazara ta yi, ana sharar gona, Inna ta fara dafe gefen ƙirjinta in tana daka. Ashe ta daɗe da jin wani ƙullutu a nono ta yi shiru, don irin wurin nan ba a saurin faɗa. Yayanta, Kawu Sani, yana kasuwanci a Zariya, can ne ma asalin kakanninsu. Shi ya zo ya matsa sai an kai ta babban asibitin Zariya. Kaka ta ce sam, "Ciwon daji ba ya son ƙarhe, in allura ta taɓa shi hushi yakai." Kawu ya kwana uku a zaurenmu har Baba ya amince. Da suka dawo, Inna ta zaunar da ni, ni ce babba, ta ƙirga mini da yatsu: ƙarin ruwa shida za a yi mata, kowane bayan mako uku, in ƙullutun ya ragu sai a yi aiki a cire shi. An riga an yi na farko. Saura biyar, ta ce, ta naɗe yatsa ɗaya.

Ban taɓa ganin magani mai kama da cuta irin wannan ba. Ruwan da ake ɗura mata ja ne, in ji ta, har fitsarinta yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu. In ta dawo daga tafiyar nan mai nisa, ta Maraɗi da Katsina, takan yi kwana huɗu tana amai har sai babu abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci. Warin daddawa ya zama abokin gabarta, matar da ke kaɗa miyar kuka unguwa ta ji. Dole aka mayar da murhu can kusa da turken awaki. Bakinta ya fashe da gyambo, ta ce komai ɗanɗanon tsohon cokali yake yi mata, faratanta suka yi baƙi. Damina ta sauka, an rufe lakol, aikin gida ya dawo kaina: ɗebo ruwa, surfe, kai wa su Baba fura a gona. Na koyi dama mata kunun tsamiya tsararo in bar shi a gindin randa ya yi sanyi, don mai zafi ba ya shiga. Na koyi yanka lemun tsami in ba ta tana shinshina in zuciyarta ta tashi. Takan sha cokali uku ta huta, ta ce mini, "Ƙirga, ɗiyata, in mun kai goma mun ci yaƙin yau." Bayan ruwa na biyu ta kama hannuna ta ɗora a wurin, ta ce in ji. Ya ragu. Da kamar ƙwan kaza yake, yanzu bai fi goro ba.

Sai dai wannan ni kaɗai ta nuna wa. Abin da kowa ya gani shi ne gashi. Tun mako biyu bayan ruwan farko ya fara bin mataji, daga baya ko matajin ba a buƙata, in ta cire kallabi sai ya biyo shi. Kafin na uku kan Inna ya zama tas kamar bayan ƙwarya, har gira ta tafi. Mata suka riƙa zuwa dubiya suna fita da salati. Kaka ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin ciwon nono ya ci gashin kai ba, ina nono ina kai? Wannan aikin hannu ne, wani ya samu gashin matar nan. Ta riƙa bin tsagogin katanga da sandarta tana dubawa, tana tambayar wa ke share ɗakin Inna, wa ke zubar da shara. Shekarata tara, kuma duk abin da Kaka ta faɗa a lokacin gaskiya ne a wurina. Na tabbata ni na kashe uwata saboda jan bik, wanda ma ya daina rubutu tun kafin a rufe lakol.

Sai na yi dabara irin ta yaro. Na ce in na karɓo 'yar tsanar na binne gashin inda aka ce tun farko, komai zai koma daidai. Na tare Tsahara a bakin rijiya da hantsi, na miƙa mata mataccen bik ɗinta na ce ta ba ni abata. Ta ce ciniki ya faɗa. Na shaƙe ta, muka yi ta birgima a caɓi, ina kuka ina ihu, "Gashin Innata ne! Ki ba ni gashin Innata!" a gaban duk matan da ke jan guga. Mahaifiyar Tsahara, baiwar Allah, ta raba mu, ta je gida ta ɗauko 'yar tsanar, ta riƙo hannuna ta kawo ni har tsakar gidanmu don a yi sulhu. Da ƙafarta ta shigo, da zuciya ɗaya. Kaka ta karɓi ƙashin nan ta juya shi, ta dubi kitson, ta dubi matar da mijinta ke rigimar iyaka da ɗanta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To. Ga shi Allah ya tona."

Saura kwana biyar a yi ruwa na huɗu. Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango, abin da ba ta taɓa yi ba ta yi, ta mayar wa surukarta magana. Ta ce tun kafin a sa mata ruwan farko ma'aikaciyar asibitin ta gaya mata gashi zai zube kuma zai dawo, ta ce duk matan da ke ɗakin ƙarin ruwan kawunansu haka suke. Kaka ta ce, "Kowace da nata maƙiyi." Inna ta juya wajen Baba. Mahaifina mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai kuma taɓa musa wa uwarsa ba. Ya daɗe yana kallon 'yar tsanar da ke ƙasa, sannan ya ce, "Ba ki komawa." Kawu Sani ya zo ya yi ta faɗa a zaure har muryarsa ta dushe, aka ce masa matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta. Ya tafi ko ruwan gidanmu bai sha ba. Har yau in na tuna da hukuncin Baba raina ɓaci yake yi, ya fi mini maganar Kaka ciwo, don ita ta yarda da abin da take faɗa, shi kuwa ina jin bai yarda ba.

Aka ƙone 'yar tsanar. Aka ɗauki Inna zuwa wurin wani mai magani a wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa, ƙarshen hanyar ma a amalanken jaki, aka dawo da saiwoyi da garin shafawa da na hayaƙi. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai ɗaci. Da aka daina ruwan, amai ya tsaya. Bakinta ya warke, ta ci tuwo da miyar daddawa, ta fara fita tsakar gida. Kafin a gama yankan gero wani gashi mai laushi ya tsiro mata kamar na jariri. Gidanmu ya cika da barka, aka yi sadakar waina, Kaka tana cire wa Inna kallabi a gaban baƙi tana cewa su duba ikon Allah, asiri ya karye. Ni ma na yi murna, har rawa na taka. Inna kuwa ta daina ɗora hannuna a wurin.

Kafin wata Layyar ta zagayo ƙullutun ya fashe. Ba zan faɗi yadda ya zama ba, sai dai na wanke tsummoki har hannuna ya saɓule, kuma turare ya daina rufe warin. Da Baba ya ce a kira Kawu a koma asibiti, aka je aka dawo da ita da ƙwayoyin rage zafi kawai. Wata rana da la'asar ina yi mata fifita, ta ce in kawo mataji in taje mata kai. Ina tajewa ina hawaye, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba ke ba ce, Barira. Gashi ciyawa ne, ya tahi ya dawo. Uku ɗin nan da anka hana ni, su ne." Ta rasu da bazara, ana sharar gona. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna cewa gashinta ya dawo har ya fi na da kyau. Mahaifiyar Tsahara ta zo gaisuwa aka ƙi amsa mata, ba a daɗe ba suka sayar da gonar suka koma Gangara, ban sake ganin Tsahara ba balle in ba ta haƙuri.

Yau shekarata ta haura talatin, ina koyarwa a lakol, jan bik kuwa har na rasa inda zan sa su. Watanni kaɗan da suka wuce na ji nawa ƙullutun, a gefe ɗaya da na Inna, ban kwana biyu ba na faɗa wa mijina. A Yamai ake yi mini ruwan, ja ne kamar yadda ta ce. Yanzu akwai ƙwayar da ke rage amai, akwai ƙanƙara da nake tsotsa in baki ya yi zafi, ga waya in ji muryar yarana daga kan gadon asibiti. Amma ɗanɗanon tsohon cokalin yana nan, kuma babu mai dama mini kunun tsamiya ya ce in ƙirga zuwa goma, ni nake ƙirga wa kaina. Kaka ta daɗe da rasuwa. Baba ya tsufa, in ya kira ni sai ya yi ta tambayar ruwan sama, a ƙarshe ya ce, "Kar ki hwasa zuwa," ya kashe waya da sauri. Ban san ko na yafe masa ba. Makon jiya wata gwaggona ta zo dubiya, ta ga kaina, ta matso ta raɗa mini, wai ina nake zubar da gashin? Na nuna mata kan danga, inda na baza shi da rana tsaka, tsuntsaye suna ta ɗiba. Ɗiyata ba ta nema ba, 'yar tsanarta ta roba ce, da gashinta aka sayo ta.

Jibi zan hau mota in koma. Inna a na uku aka tsayar da ita, ni na huɗu za ni karɓa.